Ɗan Gabas a Gidan Halvorsen

Marnie ba ta gama zuba wa saurayinta Teng dankali ba, mahaifinta ya buga cokali a tebur.

"Ban raini 'yata don in miƙa wa ɗan Orient ba!"

Teng, ɗan ƙabilar Hmong ta gabashin duniya da aka haifa nan garin Duluth, ya sunkuyar da kai. Marnie kuwa, malamar Turanci ce, ta miƙe.

"Haba Dadi! Kalmar da kake zagi da ita, asalinta fitowar rana ce. Da ita ake cewa an fuskantar da coci gabas, daga nan ta zama mutum ya gane inda ya dosa. Kai kanka kana faɗinta in ka buɗe taswira a dajin farauta!"

"Lacca za ki yi mini a gidana? Kai kuma tashi ka fita!"

A mota ta fashe da kuka. "Mu je kotu gobe a ɗaura mana aure kawai!"

"A'a," in ji Teng. "Ba zan raba ki da ubanki ba. Mu jira."

Suna cikin jiran, shanyewar ɓarin jiki ta kama Mista Halvorsen, mahaifin Marnie, kansa ya rikice. Sashen da aka kwantar da shi kuwa, nan Teng yake aikin nas. Kowace safiya sai ya gwada ko hankalin tsohon ya dawo — likitoci ma da wata kalma da ta samo asali daga Orient ɗin nan suke kiran wannan gwajin.

"Yallaɓai, yaya sunanka? Ina kake yanzu?"

"Uban wa ya aiko ka? Cire hannunka daga jikina!"

Ya watsa masa kofi, ya tofar da magani, ya kira shi ɓarawo. Teng ya goge rigarsa ya ci gaba da yi masa wanka da aski. Marnie na laɓe bakin ƙofa tana share hawaye.

Wata safiya tsohon ya amsa komai daidai. Teng ya juya zai fita, sai ya ji an riƙe masa hannu.

"Ba ka tambaye ni wane ne kai ba."

"To, wane ne ni?"

"Mai taurin kan da na kora. Kira mini yarinyar nan, kafin in canza ra'ayi!"

Ranar aurensu, a keken guragu tsohon ya raka ta gaban fasto, yana mitar naktaye ya shaƙe shi. Da sun gudu kotu ranar nan, da Marnie ta sami miji ta rasa uba. Haƙurinsu ya bar mata duka biyun.