Carbin Kaka

A can wani zamani an yi wata tsohuwa, babu abin da take ji da shi kamar carbin da marigayi mijinta ya bar mata. Wata rana jikanta Tanimu ya ɗauka yana wasa, zaren ya tsinke, 'ya'yan carbin suka zube cikin rijiya.

Tsohuwa ta ɗaga hannu za ta mare shi, sai ta ga ya runtse ido. Ta sauke hannun.

Ta ce, "Zo nan, maigidana. Tunda ka zubar mini da carbi, miƙo hannunka."

Ta riƙa kama 'yan yatsunsa ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Alhamdu lillahi, Alhamdu lillahi." Sauran jikoki suka sheƙo, kowa na miƙo nasa.

Ta share hawaye, ta yi dariya, ta ce, "Kai! Wannan carbin ai kullum ƙara girma zai yi."