Filin Wasa da Gidan Mutane

Ku yi mini afuwa, ni mai karatu ce kawai, ban taɓa rubuta labari ba. In na yi kuskure ku kau da kai.

"Wa ya goge adireshin mutane?"

Dogo ne ya yi tambayar, shugaban sashensu, yana tsaye a bakin teburin Auta. Kamfaninsu na kai wa mutane kaya har gida ne, ga shi da hantsi direbobi suna ta kira, babu wanda ya san inda zai nufa.

"Rumbun bayanai na gwaji na share..." in ji Auta. "Wallahi na gwaji ne!"

"Daga kwamfutarki umarnin ya fita, a kan rumbun gaske ya sauka."

"Dogo, ni ce fa."

"A nan ba Dogo ba ne." Ko kallonta bai yi ba. "Na janye izininki na shiga rumbun gaske. Daga yau ki zauna a gwaji."

A gaban kowa!

Mutumin da ƙarshen makon nan iyayensa za su je gidan su Auta neman aurenta. Mutumin da a waya ba ya kiranta sai da "sanyin idona".

Ta suri jakarta ta fice. A bakin ƙofa ta gifta Mai Turare, 'yar gwaggon Dogo da ke karɓar baƙi a ofishin, wadda mahaifiyarsa ta so ya aura. Tana gyaran farce, tana murmushi.

A gida Yaya, babbar 'yar'uwarta, na gugar kaya. Ta ji labarin ta dire abin gugar da ƙarfi.

"Ki zauna a gwaji? Haka ya ce? To ai gaskiya ya faɗa miki, Auta! Dama ke gwaji ce a wurinsu, ta gasken tana can tana fesa turare."

"Yaya, don Allah..."

"Don Allah me? Uwarsa ko gaisuwarki da ƙyar take amsawa. Bari Baba ya dawo, in ce su riƙe zuwansu."

"Ki ba ni zuwa gobe."

"Gobe ɗaya. Kuma ki share hawayen nan, kina ɓata mini kayan guga."

Ba kukan tsoro Auta take ba, na takaici ne. Ita da ko fayil ɗaya ba ta gogewa sai ta duba sau biyu?

Washegari ta riga kowa zuwa. Ta buɗe manhajar da take rubuta kod, wato umarnin kwamfuta. A gefen hagu akwai ƙofofi biyu da take leƙa rumbunan kamfanin da ke ajiye a intanet, ba sai ta fita daga manhajar ba. Ita ta raɗa musu suna da kanta, don kada ta ruɗe. Na gwaji ta kira shi "filin wasa". Na gaske kuwa "gidan mutane", domin ba a shiga gidan mutane a yi ɓarna. Sunayen nan a kwamfutarta kaɗai suke, ko Dogo ba ta taɓa gaya wa ba, kunya take ji.

Ta ɗora kibiya a kan "filin wasa".

Adireshin rumbun gaske ya bayyana a ƙasansa.

An musanya sunayen!

Sai ta tuna shekaranjiya ta tafi cin abinci ta bar kwamfutar a buɗe. Amma wa za ta kama? Ofishi cike da mutane.

Dogo ya shigo idanunsa jajir. Tun jiya yake maido da adireshin daga kwafin ajiya. Mai Turare na biye da shi da kofin shayi.

"Ka zo ka ga wani abu," in ji Auta.

"Ba yanzu ba."

"Yanzu!"

Mai Turare ta taɓe baki. "Haba baiwar Allah, ki bar Yaya Dogo ya huta mana. Wadda ba ta iya bambance filin wasa da gidan mutane ba, ita ce da ɗaga murya?"

Auta ta juyo a hankali.

"Me kika ce?"

"Na ce wadda ba ta iya..."

"A ina kika ga sunayen nan?"

Har mai gyaran firinta ya ɗago kai.

"Waɗanne sunaye?" in ji Dogo.

Auta ta juya masa allon. Ya karanta, ya ɗora kibiyar, ya ga adireshin. Ya dubi 'yar gwaggonsa.

"Wasa nake... suna kawai na canza, ban san zai..."

"Ajiye shayin ki tafi gida. Ni zan kira Gwaggo da kaina."

Da ta fita ya durƙusa a gefen kujerar Auta, duk tsawon nan nasa.

"Sanyin idona..."

"A nan ba sanyin ido ba ce."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, ya mayar da ita tari.

"Na cancanta," ya ce. "Ki yafe mini."

"Ba gogewar ce ta ƙona mini rai ba, Dogo. Ko tambayata ba ka yi ba! Ka san hannuna, ka san halina, amma ka tsaya a kaina kamar ka kama ɓarauniya. A gaban mutane ka zubar da ni, a gabansu za ka ɗauke ni."

Ya miƙe ya fuskanci ofishin.

"Jama'a, na zalunci Auta jiya. Ba laifinta ba ne. Laifina ne da na yanke hukunci ban saurare ta ba."

Ya ja kwamfutarsa ya mayar mata da izininta. Sannan ya rage murya.

"Maganar zuwan su Baba fa?"

"Su zo. Amma mahaifiyarka ta ji abin da ya faru daga bakinka, kuma Yayata kai za ka lallashe ta."

"Yayarki? Gara a ce in maido da rumbu goma!"

"To ka zauna a gwaji."

"Na ji! Yau ɗin nan zan je."

Ya je kuwa. Yaya ta bar shi a tsaye har ta gama gugarta kafin ta nuna masa kujera. Ranar aurensu ita ta fi kowa kuka, mahaifiyarsa ce ma ke miƙa mata hankici.

Ga su can kowa ya zuba wa amarya ido. Bari in ɗauki takalmina in sulale tun ba a waiwayo ba.