Wutar da Ta Zo Babu Ihu

Sai ku yi mini haƙuri, wani sashe na labarin nan ya zube mini a hanya. Na manta shekarar. Na manta ko kafin a yi mini aikin ido ne ko bayan an yi. Fuskar mai ƙanƙara ma ta ɓace mini, muryarsa ce kawai ta rage. Tsufa ɓarawo ne mai ladabi, ba ya fasa ƙofa, kullum ɗan abu kaɗan yake ɗauka. Abin da ya bar mini shi zan faɗa, ba ƙari.

Lokacin da wuta ta ɗauke a ƙasar gaba ɗaya, muna zaune a hawan sama na wani bene, ni da mai ɗakina. Ni ina koyarwa, ita tela ce. 'Yarmu ɗaya, ta yi aure a nesa. Mai gidan ya so ya gina benaye biyu iri ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Ya gama namu, ajali ya riske shi kafin ya gama ɗayan. Kangon yana nan gefenmu, jemagu ke haya a ciki.

Da farko wasa muka ɗauki abin, don an saba. Sai kwanaki suka zama makonni. Famfo ya ƙafe, tunda injin turo ruwa shi ma wuta yake ci. Wayoyi suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Ladan ya koma kiran salla da maƙogwaronsa zalla. Muka koma rijiya da gawayi da fitilar ƙwai. Maƙwabcinmu na ƙasa, mai gyaran wuta, wanda ake ce wa Injiniya, ya zama mai ɗebo ruwa. Mai ɗakina takan leƙo ta taga ta tsokane shi.

"Injiniya, yaya majinyacin naka?"

"Yana nan a sume, Yaya. Mun dai zuba masa ido."

Akwai abin da kowane gida yake yi a irin wannan lokaci: a kashe komai, a bar makunni ɗaya a kunne, don a san sa'ar da wuta ta dawo. Namu ƙwan falo ne. Ta raɗa masa suna Ɗan Albishir. Wata rana na ce mata me zai hana a bar na ɗaki, kada ta dawo muna barci. Ta yi dariya.

"Malam ke nan. Ai kafin Ɗan Albishir ya buɗe ido, yaran unguwa sun gaya mana. Wuta ba ta shigowa gari a ɓoye. Da ihu take zuwa, kamar an ci ƙwallo."

Tana da ciwon sukari. Allura take yi wa kanta safe da yamma, maganin kuma a ƙananan kwalabe yake, ba ya son zafi. Kemis-kemis duk sun ƙare nasu, asibiti ma haka. 'Yan kwalaben da suka rage mata, su ne ranta. Firji ya riga ya zama ma'ajiyar zare da almakashi, saboda haka a fulas muke ajiye su. Kullum da yamma, idan ta yi allurarta, sai in ɗauki fulas ɗin in tafi bayan kasuwa wurin mai ƙanƙara, wanda yake da janareta. Shi yake farfasa ƙanƙarar, ya naɗe kwalaben a tsumma, ya jera musu ita a gefe.

Ran nan na fito rana ta yi ja.

"Fulas ka ɗauka ko littafi?" in ji ta.

"Fulas, ranki ya daɗe."

"To kada ka tsaya karanta allunan shaguna. Na san halinka."

Tun daga bakin kasuwa na ji abin da ban so ji ba. Shiru. Kullum ƙarar janareta ke yi mini jagora, yau babu. Na tarar da mai ƙanƙara zaune a kan benci, ya zuba tagumi.

"Baba Malam, mai ya ƙare. Na zagaye garin nan, ko na shafawa babu."

"Ko ɗan guntu, ɗana. Ko kamar goron yara."

Ya buɗe mini injin sanyin. Na sa hannu. Ruwa ne ɗumi, yana warin tsatsa. Ya jiƙa tsumma ya naɗe mini fulas ɗin, bai iya kallon idona ba.

"Allah Ya kawo sanyi, Baba."

Na ce amin. Duk hanya bakina bai daina wannan roƙon ba.

Don in yi sauri, na bi ta baya, ta filin da ake zubar da matattun motoci. Magariba ta kawo jiki. Ban taɓa bin wurin a irin wannan lokaci ba. Warin tsohon baƙin mai da fitsarin awaki ya cika hancina. Ƙarfen motocin yana ta ƙas, ƙas, yana sakin zafin rana. Can nesa wani yana tari. Tarin ya tsaya.

Na ɗaga kai, sai na ga haske.

A hawan sama. Tagarmu ce, ga labulenta mai ruwan toka wanda ta ɗinka da hannunta. Ba hasken fitila ba ne mai rawa. Fari ne, tsayayye.

Wallahi ban yi tunanin komai ba sai firji. Duk wanda ya rayu a wannan lokaci haka zai yi. Idan wuta ta zo, ba a tambayar daga ina, gudu ake yi kafin ta koma. Na rungume fulas, na tattare rigata, tsoho da ni na sheƙa.

Matakala duhu. Na hau ina lalube. Bango yana da kaushi a tafina, na ce gaggawa ce. Na yi ta hawa. Gwiwoyina suka ce mun wuce inda muka saba tsayawa, ban saurare su ba.

Ƙofa a buɗe take.

Ɗan Albishir yana ci. Fanka tana juyawa. Firji yana gurnaninsa a lungu, irin wanda na yi kewarsa kamar muryar ɗan'uwa. Ita kuma tana zaune gaban keken ɗinki, ta ba ni baya, da ɗankwalinta na gida.

Na yi sallama. Ba a amsa ba.

"Ka dawo, Malam?" Muryarta ce, a hankali. "An kawo wuta. Miƙo maganin in sa a firji."

Na matsa. Ɗakin yana warin siminti jiƙaƙƙe. Ɗakinmu kuwa man keke da sabon yadi yake ƙamshi.

Na kalli ƙwan. Ko ƙwaro ɗaya babu a jikinsa. Shi kaɗai ke ci a duk gari, da magariba, amma ba cinnaka, ba sauro.

Fanka tana gudu, labule bai motsa ba.

"Miƙo mana," in ji ta. Ba ta juyo ba. Hannu kawai ta miƙo ta baya.

A nan maganarta ta faɗo mini, ta mai ɗakina ta gaskiya. Na kasa kunne.

Babu ihu.

Babu yaro ko ɗaya. Babu rediyon da aka manta a kunne. Ta taga na hango gari kwance baƙi ƙirin, har iyakar ganina. Can gefe, kusa ƙwarai, ga wata taga da 'yar fitilar ƙwai tana rawa, da inuwar mace zaune kusa da ita.

Tagarmu ke nan.

"Wace ce ke?" na ce.

Keken ɗinkin ya tsaya.

"Kai ka roƙi sanyi," aka ce. Raɗa ce, amma daga kowace kusurwa ta fito.

Na ja da baya. Hannun ya biyo ni. Ita tana zaune inda take, hannun ne yake tahowa. Yana tsawo. Yana wuce tebur. Yana wuce kujera.

Yatsun suka sauka a kan fulas.

Sanyi ya sare ni har ƙashi. Tsumman ya ƙandare. Tafina ya manne.

Aka ja. Na ja.

Na nemi ayar da na koyar da ɗaruruwan mutane, ta gudu daga kaina. Sunan Allah kawai na samu. Shi na kira, da iyakar ƙarfina.

Ƙwan ya mutu.

Na juya a guje. Ƙafata ta nemi matakala, ta taka iska.

A kan tulin yashi na farfaɗo, gindin kango, fulas yana ƙirjina. Ƙafa ɗaya ba takalmi. Jemagu suna ta fita ta samana. Na rarrafa, na miƙe, na zagaya zuwa ƙofar benenmu.

Mai ɗakina tana zaune kusa da fitila, ta ƙura wa ƙofa ido.

"Malam! Ina takalminka? Wa ya tumurmusa ka haka?"

Na miƙa mata fulas, ina murna a raina cewa ban sake shi ba. Ta murɗe murfin da ƙyar. Wani farin hayaƙi ya taso. Ta zazzage kwalaben a cinyarta, suka yi ƙara kamar tsakuwa. Ta ɗaga ɗaya saitin fitila, ta juya ta. Maganin bai motsa ba. Ya daskare, duka, har ɗaya ta tsage.

Ta mayar da kwalbar cinyarta.

"Mai kemis ya gaya mini tun ranar farko," in ji ta. "Zafi raunana shi yake yi. Daskarewa kuwa kashe shi take yi."

Na ba ta labarin. Ba ta ƙaryata ni ba, ba ta kuma yi kuka ba. Ta jawo tafina ta duba inda fata ta saɓule, ta shafa masa man keke don shi ne kusa.

"An aike ka ƙanƙara, ka je ka kwaso ta gidan gaba ɗaya," ta ce, tana murmushi. "Kai dai ba ka iya abu kaɗan ba. Sannu, Malam. Ka riƙe mini amana."

Mun narkar da maganin, ta yi allurar, don babu wani. Kamar ruwa ta zuba. Ni da Injiniya mun taka garin nan lungu-lungu, har garuruwan kusa ya je a kan keke, bai samo ba. Ƙishirwa ta kama ta, randa guda ba ta isarta. Daga nan sai yawan barci. A cikin farkawarta ta ƙarshe ta kama bakin rigata.

"Kada ka kashe Ɗan Albishir. Ina so in ga ranar."

Ba ta gani ba. 'Yarmu ma sai bayan an yi sutura labari ya kai mata, ta bakin wani direba.

Ba a daɗe ba, wata magariba ina zaune ni kaɗai a falo, sai na ji shi daga can ƙarshen gari. Ihu. Yana tahowa unguwa-unguwa kamar ruwan sama a kan kwano. Yara suna buga gwangwani, mata suna kiran juna, wani rediyo ya ɓarke da waƙa. Ɗan Albishir ya ƙifta, ya buɗe ido. Haskensa ya sauka a kan keken ɗinki, da rigar da ta fara ba ta gama ba, allura tana tsaye a cikin yadin. Firji ya yi tari, ya fara sanyaya zare da almakashi.

Wannan ita ce wutar gaskiya. Na zauna a ƙarƙashinta na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Tun daga nan ban sake zama inda wayar wuta ta kai ba. Na ɗauki littattafaina ina bin ƙauyuka, inda aka ba ni ɗaki in zauna in koyar, in na gaji in ƙara gaba. Rijiya da fitila sun ishe ni. 'Yata ta aiko mini da wata fitila mai cin hasken rana, ina sonta, don na san inda take samo abincinta. Idan tafiya ta bi da ni cikin gari na hango taga tana haske, har yau sai na tsaya na kasa kunne tukuna.

Da mantuwa ta fara yi mini yawa, na ji tsoro kada ya zama ni na ƙaga abin. Sai na koma na nemi Injiniya. Ya tsufa shi ma, amma kansa garau. Ya ce kafin in bar gidan mun shiga kangon tare da rana tsaka, ni ne na manta. Ba a taɓa ja masa waya ba, ko ramin soket ba a fasa ba. Matakalar hawan sama kuma ba a zuba ta ba, rodi ne kawai a tsaye. Sai da ya aro tsani ya hau.

A tsakiyar ɗakin da ke fuskantar tagarmu ya samo takalmina na hagu.