Ludayi Ɗaya a Gaban Inna Hure

Ranar kasuwar Makoda Uwaisu ya fara ganin Khaulat, tana sayen zare. Ya sayi fura da nono ya miƙa mata, ta yi tsalle baya.

"Na yi muni haka?" ya ce.

Ta yi dariya. "Ba kai ba ne, nonon ne. In na sha, maƙogwarona rufewa yake."

Ni da na kwanta sanƙarau na tashi, na ga farin da ya cinye shanun ƙasar nan ban gudu ba, ban taɓa ganin so ya kama yaro kamar yadda ya kama Uwaisu ba.

Sai dai mahaifiyarsa, Inna Hure, da nonon shanunta huɗu ta raine shi.

"Wadda ba ta taɓa ƙwaryata zan kira suruka?" in ji ta. "Wai ba ta shan nono! Iyayi ne kawai. Ga Safiyatu 'yar ƙanena. Kaka na yi, za a ɗaura muku aure."

Khaulat ta ji ana wani bincike a wani asibiti a Kano, ta shiga. Ɗigon madara ake ba mutum a gaban likita, duk sati biyu a ƙara kaɗan, har jiki ya saba. Aka gargaɗe ta kada ta wuce abin da aka auna.

Wata biyar tana hawa motar Kano. Ran nan ta turo wa Uwaisu saƙo: "Nurina, yau cokali uku! Ko ƙaiƙayi ban ji ba."

Amma gero ya riga ya nuna. Uwaisu ya yi lissafin manomi: in cokali uku ya zauna, ludayi ma zai zauna.

"Ɗaya tak, Sanyina, a gaban Inna. Ta gani da idonta."

"Likita ya hana."

"Likita ne zai aure ki?"

Ta daɗe tana kallonsa. Washegari ta je gaban Inna Hure ta sha.

Kafin ta ajiye ludayin leɓenta ya kumbura, numfashi ya koma fito. A babur Uwaisu ya kai ta asibiti, Inna Hure na rungume da ita a baya tana salati. Allura ta ceto ta. Likitocin Kano suka ce ci gaba hatsari ne, suka cire ta daga binciken.

Mahaifinta, Malam Dabo, ya hana Uwaisu ƙofar gidansa. Saƙo ɗaya ta turo: "Na yafe maka. Amma wata biyar ɗina ka zubar, kuma ba za su dawo ba."

Ya karanta a gona, ya zauna kan kunya ya yi kuka kamar yaro.

Aka girbe gero, ba a ɗaura da Safiyatu ba. Inna Hure da kanta ta yafa mayafi ta durƙusa a zauren Malam Dabo.

"Malam, ni na ce iyayi ne. A hannuna ta kusa cikawa. Ka ba mu ita, tukunyarta daban, ƙwaryata ba za ta shiga ɗakinta ba."

Sai da aka tambayi Khaulat sau uku, sannan ta ɗaga kai alamar ta yarda.

Ranar da aka kawo amarya, Inna Hure ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta sake wankewa, sannan ta kama yatsun Khaulat.

"Shigo, 'yata. Allah Ya ba ku zaman lafiya."