Ranar da Aka Raba Goran Baba

"Tsayar da shi!"

Ban san da ƙarfi na faɗa ba, sai da na ga kowa ya juyo yana kallona.

Ajin da nake koyarwa ne a lakwal ɗin Madarumfa. An toshe tagogi da zana da barguna don a sami duhu, mutane cike har bakin ƙofa. Injin silima yana ta ƙara, a jikin bango kuwa ga wata mace cikin leshi da sarƙoƙi tana rusa kuka.

Wai ita ce Daso.

Daso tawa!

Ina da shekara goma sha biyu na sami littafin *Daso a Birnin Ƙarƙashin Tafki*. Na karanta shi har bangonsa ya cire, na ɗinke da zare. Daso ɗiyar masunci ce. Aljanun ruwa suka sace inuwar ƙanenta, ta hau gora ita kaɗai ta bi su har birninsu, ta ci su da wayo, ta dawo da inuwar ƙulle a gefen zanenta. Shafi ɗari da goma sha huɗu, ko sau ɗaya ba ta yi kuka ba.

Ni na ara wa Inusa littafin, shekarar da ya dawo daga Yamai da na'urar ɗaukar hoto a kafaɗa. Bayan kwana uku ya maido mini ya ce, "Zan mai da shi silima, kuma zan auri mai shi." Na ja gyale na rufe fuska na gudu cikin gida. Yanzu har an kai gaisuwa, ana jiran girbin gero a sa rana.

"Ɗelu..." Inusa ya matso daga wajen injin yana raɗa. "Zauna mana, ki ga gaba."

Gaban ne ya ƙarasa mu.

Masuntan garinmu bisa gora suke kamun kifi. Mutum zai kwanta da ciki a kan bakin goran ya toshe shi, yana tuƙi da hannu da ƙafa, abin da ya kama ya jefa ciki. Na babana, Malam Ado, ya fi na kowa girma. Gado ya yi daga kakana, kuma Inusa ya ara don wannan aiki.

Sai ga shi a jikin bango.

An raba shi biyu!

An yi masa zane ja da kore, Binta, wadda ta fito a Daso, tana zaune a cikin rabin kamar jaririn da za a yi wa wanka, a inda ruwa bai wuce gwiwa ba.

Ajin ya ɗauki dariya. Wani masunci daga baya ya ce, "Kai jama'a! Ku miƙa mata sabulu!"

Baba bai yi dariya ba. Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya fita.

Na bi bayansa.

Washegari da hantsi Binta ta yi sallama gidanmu. Ɗiyar wani mai manyan motoci ce a Maradi, a kamiyon babanta aka yi ta jigilar kayan aikin. Tana shigowa turare ya cika tsakar gida.

"Madan Ɗelu, na ji wai kin yi fushi," ta ce tana gyara awarwaro. "Littafi ne fa kawai."

"Kin karanta shi?"

"Mi zan karanta? Ni ce Daso yanzu. Wa zai zauna kallon mace tana dama ruwa kamar kwaɗo? Ni na ce ba zan shiga tafkin nan ba, Inusa ya ce yadda nake so haka za a yi."

Na ci gaba da tankaɗen garina.

"Ranar Asabar za mu tafi Yamai da shi, za a nuna wa manya. Baba ya ba mu mota." Ta ɗan yi murmushi. "Tafiyar kwana biyu ce... da nisa."

"Allah shi kiyaye hanya," na ce.

Sai da ta fita na ga na tankaɗe rabin garin a ƙasa.

Da la'asar Inusa ya zo. Na bar shi a zaure har sai da na gama salla, na yi addu'a mai tsawo, sannan na fito na tsaya nesa.

"Ɗeluna..."

"Mushe Inusa, sannu da zuwa," na ce, kamar yadda muke kiran baƙon ma'aikaci da Faransanci.

"Haba, hasken idona, yau kuma ni ne mushe?"

"Wa ya raba goran?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ni na riƙe wuƙar."

"Ka ce wa Baba goran yana Maradi, za a kawo."

"Na ce. Na ji tsoro ne. Binta ta ƙi ruwa, babanta ya ce in ba ita ba babu mota. Na ga in na tsaya aikin ya mutu..."

"Da ya mutu da ya fi!" Na tako gabansa. "Ka san abin da yarinyar nan take a gare ni? Ina ƴar ƙarama ake mini dariya wai ɗiyar mai ƙarnin kifi ta shiga lakwal. Sai in buɗe littafin in ga ɗiyar masunci ta gagari aljanu. Na ba ka ita da hannuna, ka sa mata leshi ka zaunar da ita tana kuka har wani mai wando ya zo ya cece ta! Wane shafi ka ga wannan?"

"Babu."

"To."

"Ɗelu, ki yafe mini..."

"Ba ni kaɗai ka yi wa ba. Baba ya ce a mai da kayan gaisuwarku."

Na ga fuskarsa ta canza. Na juya da sauri, don kada in ji tausayinsa.

Kwana uku ba labarinsa. Ran na huɗu sai ga shi da kawunsa Alhassan a kan amalanken jaki, sun ɗauko wani ƙaton gora tun daga Safo. Ina bayan zana ina ji. Inusa ya tuɓe takalmi ya tsuguna.

Baba ya ƙwanƙwasa goran, ya kara kunne.

"Gora ne," ya ce. "Amma ba nawa ba ne. Nawa ya san ruwa. Yaro, kai da ka sa masa wuƙa, ka taɓa hawansa?"

"A'a, Baba."

"Shi ya sa. Ran Asabar da safe ka hau wannan ka ƙetare tafki. In ka kai, ka zo mu yi magana kan ɗiyata."

Kawu Alhassan ya yi gyaran murya. "Malam Ado, Asabar ai ita ce tafiyarsa Yamai..."

"Na sani."

Ranar Asabar kamiyon yana tsaye bakin tasha, direba yana ta busa oda. Ni kuwa na tafi bakin tafki da ƴan wanki biyu da ba su da datti.

Inusa yana can.

Ya naɗe wando, ya kwanta bisa goran. Tuƙin farko goran ya juye da shi. Masunta suka fashe da dariya.

"Toshe bakin, ɗan Yamai! Cikinka ne murfi!"

Ya sake hawa. Ya yi ta zagaye wuri guda yana shan ruwa. Can na ji motar ta tashi, ta ɗauki hanyar Maradi da Binta a gaba. Bai ko ɗaga kai ba.

Har rana ta take yana fama, masunta biyu suna binsa a gefe. Da ya taɓa ɗaya gaɓar aka ɗauki sowa. Baba ya gyara hularsa.

"Ki ce wa innarki kada a mai da kayan," ya ce da ni, ba tare da ya dube ni ba.

Da suka dawo da shi idanunsa jajur, cikinsa duk ya saɓule. Ya tsaya gabana yana ɗigar ruwa.

"Ɗeluna... kin yafe?"

"Kai na yafe maka."

"Silimar fa?"

"Ita kam sai dai Allah."

Ya yi dariya har ya shiga tari.

Bayan girbi aka ɗaura mana aure. A cikin kayana akwai littafin. Ranar da ya miƙa hannu zai ɗauka, na dafe shi.

"Ba na ƙara ara maka, maigida. Zauna in karanta maka. Da alama wancan karon ba ka ji ba."