Wadda Ta Buɗe Ƙofa

"Shiga mana! Ko sai an shimfiɗa maka darduma?"

Maman Ummi ce ta faɗa, hannu ɗaya a kan ƙofa, ɗayan riƙe da mukulli. Mijinta na tsaye a bakin matakala da akwatinsa, ya kafe kamar an dasa shi. Shekara shida ke nan da jami'an shige da fice suka fitar da shi ta wannan ƙofar, daga shi sai singileti da silifas, aka mayar da shi gida saboda takardun zamansa a ƙasar mutane sun ƙare. Yau ya dawo da biza halastacciya, wadda ita ta yi ta zarya ofis-ofis har ta samo masa, amma ga shi yana kallon ƙofar kamar bakin rijiya.

"Gimbiya..."

"Ajiye Gimbiyar nan a gefe. Tun daga filin jirgi kake ta kame-kame. Me ke bakinka?"

Ya sunkuyar da kai.

"A wurin ƙanina zan sauka. Hajiyarmu ta ce kada in sake kwana a ɗakin nan. Ta ce in ga Ummi, in san yadda zan yi in kai mata ita ta taso a gabanta."

"Ni fa?"

Ya kau da kai gefe.

"Ni fa, Abban Ummi? Ni me Hajiyar ta ce a yi da ni?"

"Ta ce... matar da ta buɗe wa hukuma ƙofa sau ɗaya, za ta sake."

Ta fizgi akwatin ta ja shi ciki da ƙarfi har tayarsa ɗaya ta ɓalle. Dole ya biyo kayansa, ta mai da ƙofa ta rufe garam. Ba za ta tara wa kanta maƙwabta 'yan kallo ba, amma yau kam ranar wanka ce, ba ɓoyon cibi.

"Zauna!"

Bai zauna ba. Idonsa na kan tsohon takalminsa na walda, yana nan a bayan ƙofa inda ya bar shi, an goge shi tas. Ta ga ya gani, abin ya ƙara ƙona mata rai. Kowane ƙarshen mako sai ta goge takalmin nan, ita wawiya, ashe mai shi yana can ana yi masa huɗuba a kanta.

"Na buɗe! Ni na buɗe, ban taɓa musu ba. Amma ka gaya wa Hajiya abin da ke hannuna ranar? Ka gaya mata leɓen Ummi ya koma shuɗi? Ka gaya mata yarinyar ta sandare, numfashi ya ƙi fita, kai kuma kana cewa in jira ka nemo mota a wurin abokinka?"

"Na ce kada ki kira kowa, kin san dokar gidan nan..."

"Dokarka! Kada a buɗe ƙofa, kada a ɗaga labule, kada a yi dariya da ƙarfi. Na bi duka, ban taɓa ƙi ba. Ranar kaɗai na kira motar asibiti, 'yan sanda suka biyo ta, ni na gayyato su? Likita da bakinsa ya ce da mun ƙara jinkiri kaɗan, gawa za mu kai masa. To faɗa min, wanne kake so in zaɓa? Kai a jirgi, ko ita a makara?"

"Ke ba ki san abin da na gani ba!" Shi ma ya ɗaga murya, jijiyar wuyansa ta miƙe. "Ankwa aka sa min kamar ɓarawo! Na sauka gida ba ko jaka, yara na nuna ni. Hajiya ta kwanta ciwo saboda baƙin ciki!"

"Ni kuma biki na yi ta yi a nan, ko?"

Ta naɗe hannun rigarta ta miƙa masa damtsenta. Tabon ƙuna ne jere, sabo a kan tsoho, na injin guga a ɗakin wankin otal inda take aiki tun tafiyarsa.

"Dubi. Da wannan na riƙe ɗakin nan, da wannan na ɗauki lauya. Kullum in na kira gida in gaishe da Hajiya, sai ta ce a ba ta takwararta, ni ko amsa sallamata ba ta yi. Duk na shanye, uwa ce, ɗanta aka taɓa. Amma kai? Kai da kake tsaye a wurin, ka gani da idonka? Sau ɗaya tak, ko a waya, ba ka taɓa cewa 'kin yi daidai' ba. Laifi tudu ne wallahi, ka take naka kana hango nawa!"

Muryarta ta karye, ta ji haushin kanta. Ba ta so ya ga hawayenta, don har yanzu tana son mutumin nan, son da ya fi komai ba ta haushi.

Bam! Bam! Bam!

Aka buga ƙofa.

Kafin ta ƙifta ido ya ja da baya ya manne da bangon kicin, gumi ya keto masa, hannunsa na lalubar aljihun da fasfonsa yake. Mutum mai biza sabuwa fil, yana rawar jiki kamar ɗan tsako a ruwa. Tausayi ya so ya kama ta, ta hana shi.

"Ummi ce ta taso daga makaranta. Ni na daina buɗe ƙofa, tunda laifi ne. Je ka buɗe wa 'yarka."

Da ƙyar ya ja ƙafa. Sai da hannunsa ya zame a kan mariƙin kafin ya murɗa.

Yarinya ce siririya da jakar makaranta a baya, goshinsa sak. Ta ɗaga kai tana kallon fuskar da ta saba gani a waya. Hawan bene ya tayar mata da asma, ƙirjinta na shiga yana fita, amma ta datse baki gam tana ƙoƙarin danne tarin.

"Ummina..." Ya durƙusa. "Me ya same ki? Numfashinki..."

"Ba komai! Lafiyata lau!" Ta yi baya da sauri, idonta ya ciko. "Don Allah kada a kira mota. Ba zan ƙara ciwo ba, Abba. Kada su sake tafiya da kai."

Ya juyo ya kalli matarsa, bakinsa a buɗe.

Ta riga ta ciro abin shaƙar yarinyar daga aljihun jaka, ta sa mata a baki, tana shafa bayanta. Ba ta kalle shi ba ta ce, "Ta ji kakarta na faɗa a waya cewa ciwonta ne ya jawo. Tun daga ranar, in ya taso mata bargo take shiga ta ɓuya. Sau biyu ina tsintarta a sume. Wannan ce yarinyar da za ka kai wa Hajiya."

Nan ya zube a ƙasa, ƙato da shi, yana kuka wiwi. Ya rungume Ummi yana cewa, "Ba ke ba ce, Mamana, ba ke ba ce! Takarduna ne suka mutu, laifina ne. In kin ji ciwo ki yi ihu kowa ya ji. Wallahi da za a maimaita ranar nan, ni zan kira motar, ni zan buɗe musu da hannuna!"

Wayarsa ta ɗauki ƙara. Hajiya ce. Ya share fuska, ya ɗaga, ya gaishe ta cikin ladabi.

"Na sauka lafiya, Hajiya. Ina ɗakina... Eh, a nan zan kwana. Ki gafarce ni, ni ne ban gaya miki gaskiya duka ba. Takwararki da kike so a kawo miki, da uwarta ba ta buɗe ƙofar nan ba, da sai dai in nuna miki kabarinta."

Ya ajiye wayar, ya ɗago jajayen idanu.

"Kin yi daidai, Gimbiyata. Na makara, amma kin yi daidai."

Kalmar da ta shekara shida tana jira ke nan, ga ta ta zo. Ta dafa bango.

"Ban huce ba fa."

"Na sani."

"Ba kuma yau zan huce ba."

"Zan jira. Ai ke kin jira."

Ta goge ido da gefen mayafi, ta zare mukulli ɗaya daga cikin nata, ta cilla masa a cinya.

"Ɗauke akwatinka daga hanya. Daga yau in an buga, kai za ka riƙa buɗewa."