Bikin da Aka Cire wa Hon

"Wane mara kunya ne ya yi wannan hon a ƙofar gidana?!"

Baba ya miƙe da ƙarfi har gahawarsa ta zube a kan tebur. Ni kuwa ina bayan labule na dafe ƙirji, don na san mara kunyar. Nadim ne, mai gyaran wayar mota a garin Juniye, wanda na yi wata takwas ina ɓoye wa Baba soyayyarmu. Cewa na yi ya tsaya bayan coci ya kira ni a waya, amma ɗokin ganina ya kwashe shi har ƙofarmu, hannunsa ya yi abin da ya saba: gajeru uku, dogo ɗaya.

A wajenmu kowace jam'iyya da kiɗan hon ɗinta. Babana Tanios ya shiga rundunar sa-kai ta Kiristoci yana ɗan shekara sha bakwai. Da yaƙin basasar ƙasarmu ya ƙare aka ajiye makamai, rundunar ta koma jam'iyya, aka kuma haramta ta shekara goma sha ɗaya. A waɗannan shekarun hon ne kaɗai ya rage musu: biyu, biyu, sai uku. Wanda Nadim ya danna kuwa na ɗaya ɓangaren ne, waɗanda suka bi sojojin gwamnati a 1990, shekarar da Kirista ya ɗaga wa Kirista bindiga. A shekarar ce muka rasa Baffa Ilyas, ƙanen Baba.

"Yolla!" Baba ya ƙwala mini kira. "Kin san shi?"

"Baba... mai gyaran mota ne."

"Motar wa ta lalace a gidan nan?"

Kakata, Teta Wadi'a, tana gefe tana yanka ganyen kwaɗon tabbule, ko kai ba ta ɗago ba ta ce, "Zuciyar 'yarka ce ta lalace, kai kaɗai ne ba ka lura ba."

Da rana na kira Nadim, na rufe shi da faɗa.

"Ka kashe ni, Nadim! Ka kashe ni ka huta!"

"Haba hasken idona, wallahi hannuna ne... tun ina goye babana ke danna shi."

"To ka je hannun naka ya aure ka!"

"Shi bai iya dariya irin taki ba."

Na so in ci gaba da fushi, amma dariyar ta ƙwace mini. Abin da ke cutata da Nadim ke nan, ba ya barin mutum ya gama fushinsa.

Wata biyu Teta ta yi tana ƙoƙarin shawo kan Baba. Ta daina dafa masa abin da yake so, kullum kuma sai ta tambaye shi ko jam'iyya ce za ta haifa masa jikoki. Daga ƙarshe ya yarda mutanen Nadim su zo neman aure.

Mahaifinsa, Abu Nadim, tsohon soja ne mai ƙaton gashin baki. Suka zauna da Baba suna kallon juna kamar zakaru biyu. Sai Baba ya yi gyaran murya.

"Na ba ku. Amma da sharaɗi. Ranar biki ban yarda in ji hon ba, ko guda ɗaya. In na ji, ba zan fito da ita da hannuna ba, coci kuma ba zan taka ba."

"Biki babu hon?" Abu Nadim ya zaro ido. "Malam Tanios, amarya za mu ɗauka ko kaza za mu sata?"

"Sharaɗina ke nan."

"Mun yarda!" Nadim ya yi caraf, kafin babansa ya sake buɗe baki.

Na san dangin Nadim, ko sayen burodi za su je sai sun danna hon. Ni kuma tun rasuwar Mama babu abin da nake buri kamar in fita daga gidanmu hannuna cikin na Baba. In ya ƙi fitowa, gara a fasa.

"Kwantar da hankalinki, rabin raina," in ji Nadim. "Kin manta sana'ata?"

Ana gobe biki ya bi motocin danginsa goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya cire wa kowacce wayar hon. Wani kawunsa har ya bi shi da tsintsiya.

Ranar Lahadi da la'asar ina tsaye bakin taga cikin farar riga, Nadim na can yana jirana a ƙofar coci, sai ga motocin iyayensa sun ɓullo daga kwanar dutse. A jere, a hankali, babu ko ƙyas.

Sai na ga mai shagon kan hanya ya sauke ƙofar shagonsa. Tsofaffin da ke wasan kati suka miƙe suka cire huluna. Wata maƙwabciyarmu ta yi alamar gicciye, ta ɗaga murya, "Wayyo, wa ya rasu?"

Ashe a ƙauyenmu gawa ce kaɗai ke shigowa da jerin motoci shiru!

Teta ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Na juya in ga ko Baba ma dariyar yake, sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya riƙe ƙarfen baranda da hannu biyu.

"Baba, lafiya?"

"Haka suka shigo da Ilyas," ya ce a hankali. "Ta wannan kwanar... a jere, shiru."

Dariyar Teta ta ɗauke. Ilyas ɗanta ne, ya rasu yana da shekara sha tara. Hawaye suka cika mini ido, na ji tausayin Baba ya rufe ni, har na manta ni ce amarya.

Baba ya share fuska da bayan hannu, ya kama hannuna.

"Taho."

Ya sauko da ni, ya wuce motar amarya da aka lulluɓe da furanni, ya buɗe mini tsohuwar Marsandinsa, wadda ita kaɗai Nadim bai isa ya taɓa ba. Teta ta shige kusa da ni. Sannan Baba ya juya wajen Abu Nadim.

"Shiga gaba."

"Ni?"

"Akwai wani mai gashin bakin a nan? Shiga! A cikin shirun nan na binne ƙanena, ba zan kai 'yata a cikinsa ba."

Abu Nadim ya shiga. Baba ya tayar da mota, ya nuna masa sitiyari.

"Danna."

"Wanne?"

"Wanda hannunka ya sani."

Na runtse ido ina jiran gajeru uku da dogo ɗaya. Abu Nadim ya kalli Baba, sannan ya miƙa hannu: biyu, biyu... sai huɗu.

"Uku ne, ba huɗu ba!" Baba ya daka tsawa. "Shekara talatin kana jin sa, har yau ba ka iya ba?"

"Ai toshe kunne nake yi! In ka isa kai ka yi namu mu ji."

"Naku har wani abu ne? Ko akuya ta taka hon ai za ta yi shi!"

Baba ya danna: gajeru uku, dogo ɗaya, tsaf babu kuskure.

"La la la!" Abu Nadim ya tafa. "A ina ka koya?"

"Rufe mini baki."

Teta ta zura kai ta taga ta rangaɗa guɗa. Mai shago ya ɗage ƙofarsa, mata suka fito suna watsa mana shinkafa, dangin Nadim na bayanmu suna ta dukan sitiyarin da ba ya kuka. Baba da Abu Nadim kuwa sai ƙwace hon suke yi, wannan ya fara nasa, wancan ya ƙarasa da nasa, har ba ka gane na kowa.

Muna isa na hango Nadim a ƙofar coci ya ɗora hannu a ka, fuskarsa ta yi fari fat. Ya rugo da gudu.

"Baba, na rantse da Budurwa Maryamu duk na cire! Goma sha huɗu, da hannuna!"

Baba ya fito ya buɗe mini ƙofa. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, sannan ya sa shi cikin na Nadim.

"Ga ta nan, ka riƙe mini ita da kyau," ya ce. "Kuma kafin a fito daga coci ka mayar wa mutane wayoyin hon ɗinsu. Wane irin biki ne wannan babu hon?"